Filin Masu Karatu: Titin da Ya Ƙi Kwanciya a Kan Takarda

Wasiƙu huɗu muka zaɓa a wannan fitowa, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, abu guda ne yake damunsu, wato yadda mai zane zai sa abin da yake nesa ya yi nisa a kan takardar da ba ta da zurfi. Turawa suna kiran wannan fanni faspektif, mu kuwa a wannan fili za mu kira shi ƙa'idar nisa da kusa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tela ne a kusa da Kasuwar Wunti, kuma shekara biyu ke nan ina koya wa kaina zane da fensir duk lokacin da aiki ya yi sauƙi. Ba na zana abu mai rai, gine-gine da tituna kawai nake yi. Matsalata ita ce duk sa'ad da na zana layinmu, sai titin ya miƙe tsaye kamar tsani, shagunan kuma su fito kamar an ɗora wani a kan wani, alhali na ƙirga kowace ƙofa da kowace taga ban bar ko ɗaya ba. Ina kuskuren yake? Daga mai karatu a Wunti, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsarka tana cikin wasiƙarka, daidai inda ka ce ka ƙirga kowace ƙofa da kowace taga. Ka san cewa ƙofofin shagunan layinku tsawonsu ɗaya, ka kuma san cewa faɗin titin bai ragu ba daga farkonsa har ƙarshensa, saboda haka hannunka yake bin wannan sani yana ba kowane shago haƙƙinsa cif-cif. A wajen ɗinki wannan shi ne daidai, domin yadi ɗaya a kan teburinka yadi ɗaya ne ko da an kai shi ƙarshen kasuwa. Ido kuwa ba da tef yake awo ba, mai zane kuma yaron ido ne, abin da ido ya faɗa shi zai rubuta.

Idan kana son ka ga haka ba tare da gardama ba, ka je gefen layin dogon da ya ratsa garin nan. Tun da hanyar jirgin ta iso Bauchi a 1961, ta kai Gombe a 1963, ta ƙarasa Maiduguri a 1964, tazarar da take tsakanin ƙarafan nan biyu ƙafa 3 ce da inci 6, ba ta ƙaru ba kuma ba ta ragu ba a ko'ina. Amma idan ka sami inda hanyar ta miƙe ka duba gaba, za ka ga ƙarafan suna matsowa kusa da juna har su haɗu a ɗigo guda can nesa. Wannan ɗigo shi ne za mu kira mahaɗa. Abin da yawancin masu koyo ba su lura da shi ba shi ne cewa mahaɗar tana daidai tsayin idon mai kallo daga ƙasa, ta yadda idan ka tsuguna za ta sauko, idan ka hau tudu za ta hau tare da kai. Layin da ya gitta ta wannan tsayi daga hagu zuwa dama shi ne layin ido, kuma shi ne ya kamata ya fara hawa takardarka kafin bango, kafin ƙofa, kafin komai.

Da zarar ka ja shi, sauran aikin yana da doka guda. Duk layin da yake tafiya daga gare ka zuwa nesa, idan yana sama da idonka, kamar bakin kwanon rufi da saman tagogi, gangarowa zai riƙa yi zuwa mahaɗa. Idan kuwa yana ƙasa da idonka, kamar gefen titi da magudanar ruwa da gindin katanga, hawa zai riƙa yi zuwa gare ta, amma ba zai taɓa tsallake layin ido ba muddin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Titinka ya miƙe kamar tsani ne saboda ba ka kafa masa wannan iyaka ba, sai ya yi ta hawa har saman takarda, shagunan kuma suka bi shi.

A cikin gari ba a ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, domin gine-gine sun tare shi, saboda haka sai a nemi layin ido a jikin abubuwan da suke gabanka. Ƙofa takan kai kimanin mita 2, idon babban mutum a tsaye kuwa yana wajen mita 1 da santimita 60 daga ƙasa, wato layin zai yanki kowace ƙofa a wajen kashi huɗu cikin biyar na tsawonta, ta kusa da ta nesa duka. Idan a kan benci kake zaune a bakin shago, layin zai sauko kusa da tsakiyar ƙofar, kuma dole ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ni kaina na taɓa ɓata yini guda a kan zanen wani lungu a Jahun ina saurayi, na fara shi a tsaye, da na gaji na zauna na ƙarasa, sai rabin gidajen suka fito kamar ana kallonsu daga kan jaki, ɗaya rabin kuma daga kan tabarma. Wanda ya koya mini bai ce komai ba, rula kawai ya ɗora a kan rufin gidajen ya nuna mini cewa layukan suna zuwa wurare biyu dabam.

Sai batun yadda abubuwa suke ƙanƙancewa, wanda a nan ne zato yake yawan yaudarar mutum. Ƙa'idar ita ce idan nisa ya ninka sau biyu, girman abu a ido yakan koma rabi. Ka ɗauki turakun lantarki masu tsawo ɗaya, na farko yana mita 10 daga gare ka, kowane kuma yana bin ɗan'uwansa da mita 10. Idan na farko ya ci santimita 12 a takarda, na biyu 6 zai ci, na uku 4, na huɗu 3, na shida kuwa 2 kacal. Mai koyo yakan rubuta 12, 10, 8, 6, domin hankalinsa yana son raguwa daki-daki, alhali gaskiyar ita ce raguwar tana da yawa ƙwarai a kusa, sannan ta yi ta yin kaɗan a nesa. Haka ma shagonka na farko zai iya cin kusan rabin wurin da ka ware wa layin, shaguna goma na ƙarshe kuma su cunkushe a faɗin yatsa biyu, inda taga ba za ta wuce ɗan tsinken layi ba. Ka bar su a haka, kada tausayi ya sa ka faɗaɗa su.

Atisayen da na fi amincewa da shi ba ya buƙatar lissafi. Ka nemi ragowar gilashi a wajen masu yankan gilashi, ka manna salatif a bakinsa saboda kaifi, ka kafa shi tsaye a gabanka, ka rufe ido ɗaya, ka tsayar da kanka wuri guda, sannan ka bi gefunan abin da kake gani ta cikinsa da alƙalamin maka mai rubutu a kan gilashi. Abin da zai fito a kan gilashin shi ne zane mai cikakkiyar ƙa'ida, kuma mamakin da za ka yi na gajartar bangon da ka san dogo ne ya fi karatun wata guda amfani. Wannan dabara tsohuwa ce. Alhasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido a kan miƙaƙƙun layuka, kuma an fassara littafin zuwa Latin ya yaɗu a Turai. A farkon ƙarni na 15 maginin nan Filipo Burunelleski ya gwada lamarin a birnin Fulorans na Italiya, inda ya zana wani gini a kan allo, ya huda allon, ya sa mutane su leƙa ta hudar su kwatanta zanen da ginin ta hanyar madubi. A 1435 wani masanin Italiya, Liyon Batista Albarti, ya rubuta ƙa'idar, ya ce mai zane ya ɗauki abin da yake zane a kansa tamkar buɗaɗɗiyar taga, ya kuma ba da shawarar kafa siririn mayafi mai layukan zare tsakanin ido da abin da ake kallo. Kai da kake tela, firam na kwali da baƙin zare a gicce ba zai ɗauke ka minti goma ba.

Inda babu gilashi, fensir ɗinka ya isa ma'auni. Ka miƙa hannu gaba ɗaya ba tare da lanƙwasa gwiwar hannu ba, ka rufe ido ɗaya, ka auna tsawon ƙofa ta kusa da babban yatsa a jikin fensir, sannan ka ga sau nawa wannan awo ya shiga faɗin bango. Karkatar rufi kuma ka jingina fensir a kanta a iska, ka sauko da shi kan takarda ba tare da ka juya wuyan hannu ba.

Bayan ka saba da titi mai mahaɗa ɗaya, sai ka koma kallon gini ta kusurwa, inda bango biyu suke gudu zuwa mahaɗa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, dukkansu a kan layin ido guda. Sau da yawa mahaɗun suna wajen takarda, saboda haka ka manna takardar a kan teburin yanka, ka kafa allura biyu can gefe, ka ɗaura musu zare ya zame maka rula. Idan ka matso da su kusa da juna don su shiga takarda, ginin zai yi tsini kamar goshin kwalekwale. Ka fara da kwalin ashana da bulo kafin bene, ka riƙa zana har gefunan da ba a gani kamar kwalin gilashi ne. Idan kana neman tsakiyar bangon da ya karkata domin ka sa ƙofa, kada ka auna da rula, sai dai ka ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwar da take fuskantarta, inda suka gicce nan ne tsakiya, kuma za ka ga ta ɗan matsa wajen nesa.

Game da koya wa kai, ba kai ne farau ba. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882 kuma ake ɗauka a matsayin uban zanen zamani a Nijeriya, ya shafe shekaru yana koya wa kansa ta hanyar kwaikwayon hotunan mujallu da littattafai, bai je makarantar zane a Landan ba sai a 1920 yana dab da shekara arba'in. Da ya dawo yana koyarwa a makarantun Legas, nacinsa a kan darasin nisa da kusa ya sa aka yi masa laƙabi da sunan darasin. Minti ashirin kullum da biro a bayan tsohuwar takarda ya fi yini guda a wata da takarda mai tsada. Idan kuma za ka zauna a ƙofar wani ka yi zane, ka fara yi masa sallama ka gaya masa abin da kake yi, domin mutumin da yake kallon gini yana rubutu yakan jawo tambaya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, kuma kayan gida nake son zanawa, kamar kwanukan jeren mahaifiyata da randa da faifai. Bakin kwanon yakan fito mini da tsini a gefe biyu kamar ganyen mangwaro, gindinsa kuma a miƙe, sai kwanon ya zama kamar an yanke shi da wuƙa. Shin ƙa'idar da ake faɗa ta gine-gine ce kaɗai? Daga mai karatu a Yelwa, Bauchi.

Amsa: 'Yata, ƙa'idar ta shafi kwano kamar yadda ta shafi bene, sai dai a nan da'ira ce take kwanciya maimakon bango. Ki ɗauki faifai ki riƙe shi a kwance daidai idonki, za ki ga ya zama layi guda. Ki riƙa saukar da shi a hankali, za ki ga yana buɗewa, har idan ya kai ƙasa kusa da ƙafarki ya kusa komawa cikakkiyar da'ira. A duk wannan tafiya babu inda gefensa ya yi tsini, domin da'ira ba ta da kusurwa, kwanciya kuma ba ta ƙirƙira mata ita. Tsinin yana zuwa ne daga zana bakin kwano da lanƙwasassun layuka biyu, na sama da na ƙasa, sannan a haɗa su. Ki riƙa zagaya shi da motsi ɗaya daga kafaɗa, ki yi zagayen sau biyu ko uku a iska kafin fensir ya taɓa takarda.

Gindin da kike miƙewa kuwa, saninki ne yake shiga tsakani, domin kin san kwanon yana zaune a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Amma gindin ma da'ira ce, kuma tun da ya fi bakin nisa ƙasa da idonki, lanƙwasarsa ta fi ta bakin zurfi. Ki zana shi cikakke har da ɓangaren da yake ɓoye a baya, da layi mara nauyi, daga baya ki goge. Ki kuma fara da tsayayyen layi a tsakiyar kwanon daga sama zuwa ƙasa, domin faɗin kowace kwantacciyar da'ira ya gitta shi daidai, ba tare da ya karkata ba. Jeren mahaifiyarki makaranta ce da ba ta da kamarta a wannan darasi, domin a jeri guda za ki ga kwanon da yake daidai idonki bakinsa a miƙe, na ƙasa suna nuna murfinsu daga sama, na can sama kuma gefensu ya lanƙwasa zuwa sama kina hango su ta ƙasa. Ki fara da kofin gilashi da gwangwanin madara, ki bar ƙwarya da randa sai daga baya, domin hannu da halitta ne suka yi su, da'irarsu ba ta cika daidai ba, kuma mai koyo ba zai gane ko kuskurensa ne ko na tukunyar ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni manomi ne, kuma duwatsun garinmu nake zanawa. A daji babu titi babu bango, to ina zan sami layukan da zan bi? Duwatsun suna fito mini kamar suna bayan gida. Daga mai karatu a Dass.

Amsa: Malam, kai da kake zaune a gindin duwatsun Mbula kana da abin da 'yan birni ba su da shi, wato iska mai yawa tsakaninka da abin da kake zanawa. Iska ba fanko ba ce, tana ɗauke da ƙura da laima, kuma gwargwadon yawanta tsakanin ido da dutse, gwargwadon yadda dutsen zai yi fari-fari, gefunansa su dushe, bambancin haskensa da inuwarsa ya ragu. Mai zanen nan na Italiya Liyonado da Binci ya yi rubutu a kan wannan fiye da shekara 500 da suka wuce, amma duk wanda ya ga hazon hunturu, lokacin da ƙurar Sahara take saukowa har dutsen da yake kusa ya koma kamar inuwa, ya riga ya san darasin. Bayan ruwan sama a damina kuwa iska takan wanke, duwatsu su yi shuɗi-shuɗi su matso kusa, shi ya sa zanen wuri guda yake bambanta tsakanin Janairu da Agusta.

Duwatsunka sun dawo bayan gida ne saboda ka danna fensir a kansu kamar yadda ka danna a kan bishiyar da take gabanka, wataƙila har ka zana musu tsagogin da ka sani don ka taɓa hawa, ba don kana hango su ba. Ka raba zanen gida uku. Na nesa ka yi shi da fensir mai tauri kamar 2H, siffa kawai ba tare da tsaga ko ɗaya ba. Na tsakiya ka yi da HB, na kusa kuma da mai laushi kamar 4B, a nan ne za ka zuba baƙi mafi duhu da ganye da tsakuwa. Ka bar abu na kusa ya rufe wani ɓangare na abin da yake bayansa, kuka ta tare gefen rumbu, rumbu ya tare gindin dutse. Layuka kuma kana da su, domin kunyoyin gonarka suna gudu zuwa mahaɗa kamar ƙarafan jirgi.

Tambaya: Malam, na gwada ƙa'idar a kan wani tsohon zaure na ƙasa a cikin gari, sai ya fito kamar ginin bulo, duk kyansa ya tafi. Sannan ina tambaya, zanen bango da na riguna da iyayenmu suka yi babu nisa da kusa a cikinsa, shin kuskure suka yi? Daga mai karatu a Ƙofar Ran, Bauchi.

Amsa: Ɗan'uwa, ginin tubali ba a yi shi da rula ba. Bangonsa ya fi kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, kusurwoyinsa damina da yaɓe sun murje su, zankwayensa kuma kowane da irin tsayuwarsa. Ka zana akwatin da zauren zai shiga ciki da layi mara nauyi bisa ƙa'ida, sannan ka ajiye rula ka sassaƙa ginin a cikin akwatin da hannu, ka karkato da bangon ciki kaɗan, ka zagaye kusurwa, ka bar indararo ya fito da inuwarsa. Tsayin zankwaye da gindin bango za su ci gaba da bin mahaɗa a dunƙule, ko da babu layi ɗaya miƙaƙƙe a jikinsu.

Tambayarka ta biyu kuwa amsarta a'a ce. Mai yin dagi a fuskar soro, da mai ɗinkin aska takwas a babbar riga, da mai zayyanar allo, ba taga suke buɗewa ba, fuskar abu suke ƙawatawa, kuma zurfi zai ɓata musu aiki ne. Masu zanen littattafai na Farisa da masu dogayen zanuka na Sin su ma sun bi wasu hanyoyi na nuna wuri, kuma ayyukansu suna manyan gidajen tarihi na duniya. Ƙa'idar nisa da kusa tana amsa tambaya ɗaya ce tak, wato yaya wuri yake ga mutum ɗaya da yake tsaye a wuri ɗaya yana kallo da ido ɗaya. Idan za ka zana zauren da dagin da yake goshinsa, za ka buƙaci duka biyun: ka fara zana dagin a shimfiɗe a wata takarda cikin gidaje masu kusurwa huɗu, sannan ka mayar da gidajen kan bangon da ya karkata, ka cika su ɗaya bayan ɗaya, na nesa suna ƙara matsewa.